TACE HOTON BIDIYO: SANA'AR DA UWARGIDA ZA TA YI A ƊAKINTA

A yau ina so mu tattauna a kan wata sana'a wadda har yanzu ba mu shige ta sosai ba, alhali kuwa akwai inda ta fi dacewa da mu fiye da maza. Sana'ar kuwa ita ce tace hoton bidiyo, watau a karɓi hotunan da mai kyamara ya ɗauko barkatai, a zubar da marasa amfani, a jera na kirki bi da bi, a gyara sauti, a sa rubutu, har abin ya zama labari guda mai daɗin kallo. Mai yin wannan aiki shi ake kira edita. Duk wadda ta taɓa tsayawa ta karanta sunayen da ke wucewa a fim ɗin Hausa, ta ga inda aka rubuta sunan mai tace hoto.

Kowa ya sani matar Bahaushe ba ta zama hannu rabbana. Tun kaka da kakanni muna ɗinkin hula, muna saƙa, muna matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli, ba tare da mun taka ƙofar gida ba. Amma yawancin sana'o'in nan suna da aibi guda, watau tilas sai an ɗora wa yarinya faranti ta fita talla. Mu da muke koyarwa a makarantun firamare mun san illar wannan ƙwarai, gama mazaunin yarinya mai talla shi ne ke zama wayam ranar kasuwa, in ma ta zo aji gyangyaɗi za ta yi ta yi. To, tace hoto ba ya bukatar 'yar talla. Aiki zai zo miki ta waya ko a cikin ɗan filashin da bai kai yatsa ba, ki gama shi a ɗakinki, ladanki ya shigo asusunki na banki, 'yarki kuwa tana makaranta.

DA MA AIKIN MATA NE

Kada wata ta ce wannan aikin maza ne. Lokacin da sana'ar sinima ta fara ƙarfi a Amurka, wajen shekarun 1910 da 1920, da almakashi ake yanka fim sa'an nan a manne shi. Masu kamfanoni suka ga aikin ya yi kama da ɗinki, yana son haƙuri da natsuwa, saboda haka suka riƙa ɗaukar mata da yawa. A 1941 wata mai suna Anne Bauchens ta zama mace ta farko da ta karɓi lambar yabo ta Oska a kan tace fim. Wata kuma mai suna Verna Fields ta karɓi irin wannan lamba a 1976 saboda fim ɗin Jaws, kuma wani sashe na aikin a ɗakin da ke bayan gidanta a Kalifoniya ta yi shi. Thelma Schoonmaker ita sau uku ta karɓa.

A nan gida kuwa, tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, maza ne suka fi riƙe wannan fanni. Dalili kuwa shi ne a zamanin kaset sai mai situdiyo da manyan na'urori ke iya tace hoto, mace kuwa ba za ta je ta kwana a situdiyo ba. Yanzu zamani ya juya. Kasuwar kaset da faifai ta mutu, kallo ya koma tashoshi irin su Arewa24 da aka buɗe a 2014, da YouTube, da wayar hannu. Aikin da dā sai an cika ɗaki da na'urori, yau kwamfuta guda a kan ɗan tebur ta ishe shi.

ME YA SA AKE NEMAN MACE?

Ga inda gizo ke saƙar. Ku duba yadda muke yin bukukuwanmu. Ranar sa lalle, da kamu, da yinin biki, da buɗar kai, da suna, duk taron mata ne zalla. A nan ne uwargida ke ajiye mayafi ta taka rawa, amarya ta sha kwalliya, tsofaffi su yi barkwancin da ba za su yi a gaban suruki ba. Ana ɗaukar duk wannan a waya ko a kyamara. Daga nan sai a kwashi hotunan a kai shago, inda samari ke zaune suna shiga suna fita, wannan ya leƙa, wancan ya leƙa. Babu wanda ya san inda hoton zai ƙare. Kuma kowa ya san yadda ɗan guntun hoto na daƙiƙa 30 in ya fita waya ke jawo ɓacin rai tsakanin dangi, har wani lokaci ya girgiza aure.

Saboda haka akwai magidanta da yawa da suka hana ɗaukar hoto a bikin 'ya'yansu ɗungurungum, akwai kuma waɗanda suka bari amma zuciyarsu ba ta kwanta ba. Waɗannan duka masu ciniki ne da ke jiran macen da za ta ce, "Ku kawo, ni kaɗai zan gani, a ɗakina zan yi." Wannan shi ne jarin da kike da shi wanda babban situdiyo ba shi da shi. Na'urarsu ta fi taki, amma ke aka yarda ki ga abin da ke bayan labule.

KAYAN AIKI

Abu na farko shi ne kwamfuta. Ki nemi ta tafi-da-gidanka, don tana da batir, in an ɗauke wuta aikinki ba zai salwanta ba, kuma ba ta cin lantarki kamar babbar ta tebur. Ba tilas sai sabuwa ba. Ana samun na hannu masu kyau a Titin Beirut a Kano, da sauran kasuwannin kwamfuta a manyan garuruwa. Sai dai kada ki aika wanda bai san kan abin ba. Abubuwa biyu za a tambaya. Na ɗaya, ƙwaƙwalwar aikinta, wadda masu sayarwa ke kira ram: gigabait 8 za ta yi ƙananan ayyuka, amma 16 ita ce kwanciyar hankali. Na biyu, ma'ajiyarta ta zama irin ta zamani mai sauri da ake kira SSD. A kunna ta a gaban mai siye, a sa mata bidiyo, a kuma gwada batirin.

Abu na biyu shi ne ma'ajiyar waje, watau hadis ɗin da ake jonawa da kwamfuta. Bidiyo yana da cin wuri ƙwarai. Hoton awa ɗaya da aka ɗauka da waya mai kyau kan ci wajen gigabait 4 zuwa 8, in kuwa irin mai tsananin haske ne da ake kira 4K, ya kan kai 10 zuwa 20. Ki riƙa ajiye kowane aiki a wuri biyu har ki miƙa shi. Biki sau ɗaya ake yinsa, in hoton ya goge ba za a sake ɗaura auren don ki ɗauka ba.

Abu na uku shi ne abin saurare na sawa a kunne. Mutane kan yi haƙuri da hoton da ya ɗan dushe, amma ba su haƙuri da sauti mai ƙara ko maganar da ba a ji.

Sai kuma wuta. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, wadda ta dogara da janareta za ta tarar ribarta ta tafi gidan mai. Gara ki tara kuɗi sannu a hankali, ko ki shiga adashi, ki sayi ɗan faifan sola da batir wanda zai ɗauki kwamfuta da fanka. Ki kuma sa abin kariya tsakanin kwamfutar da soket, don wutar da ke dawowa da ƙarfi ta kan ƙona caja. Lokacin hunturu ki riƙa rufe kwamfutar da ƙyalle in kin gama, gama ƙura na toshe mata hanyar shan iska.

Game da manhajar da ake aikin da ita, ba sai kin kashe kwabo ba. DaVinci Resolve tana da samfurin kyauta wanda ƙwararru ma ke aiki da shi, sai dai tana son kwamfuta mai ƙarfi. Shotcut da Kdenlive kyauta ne, kuma sun fi sauƙi ga ƙaramar kwamfuta. CapCut tana aiki har a waya. Adobe Premiere Pro kuwa, wadda ake yawan gani a situdiyo, biyan kuɗinta ake yi wata-wata ko shekara-shekara. Ki guji wadda aka sato aka ɗora miki a kasuwa, don sau da yawa tana zuwa da cutar kwamfuta, kuma ke sirrin mutane kike ajiyewa.

Wadda ba ta da halin kwamfuta tukuna, ta fara da wayarta. Da babu gara ba daɗi.

KOYO

Akwai darussa kyauta a YouTube, har da waɗanda 'yan'uwanmu suka yi da Hausa. Ki zaɓi manhaja guda ki tsaya a kanta, kada ki yi ta tsalle daga wannan zuwa waccan. Ki ɗauki hoton yadda kike girka miyar kuka, ko yadda ake ɗaura ɗankwali, mai tsawon minti 20, ki mai da shi minti 2 ba tare da an rasa wani mataki ba. In kika iya wannan, kin kama hanya, domin asirin sana'ar duka shi ne sanin abin da za a zubar. Sababbin shiga su kan cika hoto da walƙiya da furanni da rubutu mai juyawa. Wannan kamar miya ce da aka cika wa kayan ƙamshi har aka rasa ɗanɗanon nama.

Ki kuma san cewa hoto iri biyu ne. Akwai na kwance, wanda ake sawa a talabijin da YouTube, akwai na tsaye, wanda ake sawa a TikTok da Instagram da sitatus na WhatsApp. Tun kafin ki fara, ki tambayi mai aiki inda zai sa shi.

INA ZA A SAMI AIKI?

Zomo ba ya kamuwa daga zaune, amma ke da wayarki za ki yi farautar. Kafin ki nemi kowa, ki shirya ayyuka uku gajeru na nuni, kowanne bai wuce minti ɗaya ko biyu ba: ɗaya na tallar kaya, ɗaya na taro, ɗaya na magana mai rubutu a ƙasa. Kada ki sa fuskar kowa a ciki sai da izininsa. Mai ba da aiki ba takardar shaida zai tambaye ki ba, cewa zai yi, "Mu ga abin da kika taɓa yi."

Ki fara da na kusa. A cikin danginku da unguwarku akwai mata masu sayar da atamfa da leshi, da turaren wuta da humra, da kayan kicin, da cincin da dubulan, waɗanda duk cinikinsu a waya suke yi. Yawancinsu hotonsu na rawa, ga duhu, ga kukan yara a baya. Ki gyara wa ɗaya kyauta ko a kan kuɗi kaɗan, da sharaɗin ta ambaci sunan sana'arki. In kayanta suka ƙara tafiya, ƙawayenta da kansu za su nemi lambarki. Amma kyautar ta tsaya a kan mutum ɗaya ko biyu, kada ta zama al'ada.

Na biyu, ki ƙulla hulɗa da matan da ke tsakiyar harkar biki: masu ƙunshi, masu kwalliyar amare, masu gyaran jiki, masu abincin taro. Su ne ke sanin bikin da za a yi tun saura wata biyu, kuma uwar amarya na jin shawararsu.

Na uku, masu kyamara da kansu. Lokacin da bukukuwa ke yawa, kamar gab da azumi, da bayan Salla, da ƙarshen shekara, mai kyamara kan ɗauki biki a kai a kai, ya rasa lokacin zama ya tace, masu biki kuwa suna ta yi masa sintiri. Irin wannan zai yi murna ya sami wadda zai riƙa turo wa aiki, musamman ɓangaren mata.

Na huɗu, makarantu. Islamiyyoyi na yin walimar saukar Alƙur'ani, makarantun boko na yin bikin yaye ɗalibai da ranar ba da kyaututtuka, kuma iyaye na son su ajiye abin tunawa. Haka nan malamai mata masu wa'azi da masu koyar da girki ko ɗinki suna da dogayen karatuttuka da ke bukatar a yayyanka su gajeru-gajeru.

Na biyar, rubutun ƙasan hoto. Ƙungiyoyin da ke wayar da kai a kan lafiya da noma da ilmi suna bukatar a sa wa hotunansu fassarar Hausa, masu shirya fina-finai kuma suna bukatar ta Turanci. A nan ne 'yan'uwana malamai za su yi fice, gama wadda ta san bambancin "ƙasa" da "kasa", ta kuma san inda ake raba kalma, ta fi wanda ya iya latsa na'ura kawai. Wadda kuwa ke son shiga aikin fina-finan kasuwa a Kano, ya kamata ta fara sanin ƙa'idojin Hukumar Tace Fina-finai ta jihar, wadda aka kafa a 2001.

Daga ƙarshe akwai kasuwannin aiki na intanet, irin su Fiverr da Upwork, inda mutanen ƙasashen waje ke neman editoci su biya da dala. Abin da daɗin ji, amma a sani sai da Turanci mai kyau da intanet mai ƙarfi, kuma za ki yi takara da dubban mutane daga Indiya da Fakistan da sauran ƙasashe. Fiverr na cire kashi 20 cikin 100 na kowane ciniki, kuma sabon shiga sai ya jira kwana 14 kafin ya iya cire kuɗinsa. Shawarata ita ce ki ƙware a gida tukuna. Sai bango ya yi ƙwari ake ɗora masa jinka.

CINIKI

Yawancin rigimar wannan sana'a daga rashin magana tun farko take tasowa. Kafin ki taɓa aiki, ki rubuta wa mai shi a waya, shi ma ya amsa a rubuce: tsawon hoton da ya kawo, tsawon wanda yake so, ranar karɓa, kuɗin aiki, da yawan gyaran da za ki yi bayan kin gama. Gyara sau biyu ya isa, abin da ya wuce haka sabon ciniki ne. In ba ki yi haka ba, yau amarya za ta ce a cire gwaggonta, gobe uwar ango ta ce a mayar da ita.

Wajen yanke kuɗi, ki lissafa awoyin da za ki zauna, da kuɗin data, da wuta, da abin da za ki ware don gyaran kwamfuta. Hoton awa uku sai kin kalle shi duka kafin ki yanke ko da minti ɗaya, saboda haka kada ki yi farashi a kan tsawon abin da zai fito kaɗai.

Ki karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami. In kin gama, ki tura samfuri mai tambarin sana'arki a tsakiyar hoton, sai an cika miki ki ba da mai tsabta. Kada ki amince da hoton rasit ko saƙon alat da aka turo miki, ki buɗe asusunki da kanki ki ga kuɗin sun zauna. Duk wanda kuwa ya ce ki biya wani abu kafin ya ba ki aiki, ɗan damfara ne, ki rufe lambarsa.

Wajen miƙa aiki, ki sani WhatsApp na rage kyan bidiyo in an tura shi kai tsaye. Ki tura shi ta wurin da ake tura takardu, wanda ke ɗaukar har gigabait 2, ko ta Google Drive mai ba da gigabait 15 kyauta, ko a filashi. Ki kuma yi hattara da waƙoƙin mutane. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta kare mawaƙa, kuma YouTube na gane waƙar da aka ɗora ba izini, ya toshe hoton ko ya ba mai waƙar kuɗin tallar da ke kansa.

AMANA

Yanzu mun zo kan babbar magana. Na ce jarinki shi ne yarda, to ita yarda kamar ƙwai take, in ta fashe ba ta ɗinkuwa. Ki sa wa kwamfutarki lambar sirri wadda ke kaɗai kika sani. Kada yara su yi wasa da ita, kada ƙanenki ya are ta ya kalli ƙwallo. Kada ki kira ƙawa ko kishiya ki ce ta zo ta ga rawar wance. Shi kansa maigida, ki yi masa bayani cikin ladabi cewa hoton matan mutane ne, kamar yadda shi ma ba zai so wani ya kalli naki ba. In kwamfutar ta lalace, a cire ma'ajiyarta ko a kwashe aikin mutane kafin a kai ta wurin mai gyara. In kin miƙa aiki, ki faɗa wa mai shi ranar da za ki goge naki kwafin, ki kuma cika alkawari.

In kika ga wani abu a hoton da zai kunyata wata, kamar zane ya zame ko wata ta yi maganar da ba ta dace ba, ki cire shi, ki ja bakinki ki yi shiru. Ban da tsoron Allah, akwai kuma hukuma: dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, duka sun shafi wanda ya yi wasa da sirrin mutane. Haka nan ba kowane aiki ake karɓa ba. Hoton batsa, da na cin mutuncin wani, da wanda za a yanka maganar mutum a juya ta don a haɗa faɗa, ki mayar wa mai shi komai yawan kuɗinsa.

Game da zaman gida kuwa, ki nemi yardar maigida tun kafin ki sayi ko da filashi, ki nuna masa irin aikin da irin mutanen da za ki yi hulɗa da su. In namiji ne ya kawo aiki, a karɓa a zaure. Ki ware wa aikin lokaci, alal misali bayan yara sun tafi makaranta, don kada tuwo ya ƙone saboda bikin wasu. Ki riƙa tashi kina miƙe ƙafa kina hutar da ido, kada ki karɓi aikin da ya fi ƙarfin lokacinki, domin wadda ta saɓa alkawari sau biyu ba a komo mata na uku.

'Yan'uwa, ba na ce wata za ta yi kuɗi cikin wata ɗaya ba. Watannin farko na koyo ne da haƙuri, amma sannu ba ta hana zuwa. Ina kira ga iyaye da mazaje, musamman masu 'yan mata da suka gama sakandare suna zaune, da su taimaka musu da kayan aiki kamar yadda ake saya wa amarya keken ɗinki. Wadda kuma Allah ya ba ta iyawa, ta koya wa ta kusa da ita, don bukukuwan garin nan sun fi ƙarfin mace ɗaya.

Allah ya ba mu sana'a mai albarka, ya kuma ba mu ikon riƙon amana, amin. Sai mun sake saduwa a wannan fili.